Sabulun aski a Legas: na hannu, na kamfani, ko dai sabulun salo?

Akwai wani wanzami da ke shimfiɗa tabarmarsa kusa da masallacin unguwarmu a Agege duk safiyar Juma'a. Shekara ta kai goma yana aske mini kai. Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba: zabira, aska irin ta yanzu da ake karya sabuwar reza a sa wa kowane mutum, ɗan kofin roba na ruwa, da guntun sabulu da ya sha hannu har ya koma kamar tsakuwa. Zai tsoma yatsu a ruwa, ya murza sabulun, ya shafa maka a ka, aska ta bi. Ran nan na kai masa wani sabulun aski da ƙanena ya aiko mini daga Amurka, na buga kumfa da buroshi a gabansa. Ya lakato da yatsa, ya murza, ya shinshina, ya ce, "Malam, wannan ai man shanu aka kaɗa. Nawa yake?" Da na juya masa kuɗin zuwa Naira sai ya miƙo mini abina. "Riƙe kayanka," in ji shi. "Da kuɗin nan sai mu yi watanni ina aske ka, har ka sha shayi da canji."

Baba wanzami yana da gaskiya ta wani ɓangare, shi ya sa na ga ya kamata a baje maganar. Mu da muke aske kai ƙwal-kwabo sau biyu ko uku a mako, da masu gemu da ke gyara saje da ƙarƙashin haɓa, da 'yan uwanmu masu aikin gadi ko aikin ɗamara da dole fuska ta zama fes, duk abu huɗu ne a gabanmu: sabulun wanka ko na salo da ke banɗaki, kumfar gwangwani da ake fesawa, sabulun aski na manyan kamfanoni, da wanda ƙananan masu sana'a ke dafawa da hannu tukunya-tukunya. Duka huɗun sun bi ta kaina.

Aikin kumfa biyu ne kacal. Ta riƙe ruwa a jikin gashi har ya yi laushi, domin gashin da ya jiƙa minti biyu zuwa uku ya fi busasshe sauƙin yankewa nesa ba kusa ba. Sannan ta sa santsi tsakanin bakin reza da fata. Tudun kumfa da ake ɗauka hoto da shi ba shi ne abin nema ba. Kumfar da ta fi aiki ita ce mai kauri kamar kindirmo, mai sheƙi, wadda ba ka iya ganin ƙwayoyin iska a cikinta.

A nan ne sabulun wanka yake faɗuwa, kuma ba don an yi masa algus ba. Yawancinsa da man kwakwa ko man alayyadi ake haɗawa, su kuwa kumfarsu mai manyan ƙwayoyi ce, tana tashi nan take, tana mutuwa nan take, tana kuma kwashe maiƙon fata tas. Wannan shi ake so a wanka. A aski kuwa, kafin ka gama gefen dama na kai, gefen hagu ya bushe ya yi fari. Sabulun aski na gaske ginshiƙinsa wani sinadari ne da ake kira sitiyarik asid, wanda ake samu a kitse da man kaɗanya da manja. Shi ke ba da kumfa mai ƙanƙanan ƙwayoyi da ke tsayawa. Kuma maimakon kostik soda zalla da ake yin sabulun wanki da ita, ana dafa shi ne da fotash, ko a gauraya su biyun, domin fotash na sa sabulu ya yi laushi ya narke da wuri a bakin buroshi.

Sabulun salo fa? Ina da rauni a kansa, da shi aka yi mana wanka muna yara. Yarbawa na ce masa ose dudu, kuma a kasuwannin Legas ba a neman sa da wahala. Abin sha'awa shi ne, ta fuskar fotash ɗan uwan sabulun aski ne, tunda da tokar ɓawon koko da ta ɓawon agade ake dafa shi, ita kuwa tokar nan cike take da fotash. Shi ya sa yake da laushi, shi ya sa ma yake da ɗan santsi fiye da sabulun kanti. Amma mansa galibi alayyadi ne, don haka kumfar ba ta zama. Ga shi wanda ake sayarwa a dunƙule wani lokaci za ka ji burbushin toka a ciki, kuma ƙarfinsa ba ɗaya ba ne daga wannan tukunya zuwa waccan. A hannun wanzami yana aiki, domin shi yana jiƙa ɗan wuri ne ya aske nan take, ya sake jiƙa wani wurin. Kai da kake tsaye gaban madubi kana laluben ƙeyarka da hannu ɗaya ba ka da wannan saurin. In dai shi kaɗai gare ka, yi yadda wanzami ke yi: kada ka shafe kan duka, bi shi yanki-yanki.

Kumfar gwangwani ba zan daɗe a kanta ba. Tana da sauri, ba ta bukatar buroshi, kuma ga wanda zai fita ƙarfe biyar na asuba don ya riga gosulon Oshodi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai iska ta fi ruwa yawa a cikinta. In za ka yi amfani da ita, jiƙa fata sosai tukuna, ka kuma murza ta da jiƙaƙƙen hannu.

Ainihin gardamar tana tsakanin na kamfani da na hannu.

A cikin na kamfani, wanda ya fi dacewa da aljihun talaka shi ne Arko, na kamfanin Evyap da ke Turkiyya. Sanda ce mai nauyin giram 75, naɗe a takarda. Da kitse aka yi shi. Kana iya goga sandar kai tsaye a jiƙaƙƙen kai, sannan ka bi da buroshi, cikin rabin minti kumfa ta tashi. Ƙamshinsa na lemun tsami ne mai ƙarfi, irin na sabulun da, akwai masu son sa akwai waɗanda ba sa so, amma ba ya bin mutum bayan an ɗauraye. Sai Proraso na birnin Fulorans a Italiya, mai laushi, a cikin kwanon roba. Shi ba kitse a jerin kayansa, sitiyarik ne da man kwakwa. Koren yana da mantol da man turare na yukaliftus, sanyinsa kamar na mantaleta, kuma duk wanda ya taɓa aski da rana tsaka a watan Maris a Legas, ba wuta ba fanka, zai gane darajar wannan sanyin. Farin an yi shi ne don fata mai saurin jin zafi, jan kuma yana da man kaɗanya da ƙamshin sandal. Akwai kuma Tabac na Jamus, wanda ƙamshinsa ke kasuwa tun 1959, busasshe ne tauri kamar dutse, yana daɗewa ƙwarai.

Na hannu kuwa, harkarsa ta bunƙasa ne a Amurka da Turai a shekarun 2010, lokacin da maza suka fara komawa reza irin ta da, falle ɗaya mai kaifi gefe biyu, saboda tsadar masu baki uku da biyar. Sunayen da za ka fi ji su ne Stirling na jihar Akansas, da Barrister and Mann na jihar Niyok, da Martin de Candre na Faransa wanda shi ba ya sa kitsen dabba sam. In ka karanta bayan robar Stirling za ka ga kitsen saniya, sitiyarik, man zurma, gilisarin, man kaɗanya, madarar kwakwa, da lanolin, wato maiƙon da ake cirewa daga gashin tumaki. Sirrinsu bai wuce abu biyu ba. Suna barin gilisarin ɗin da dafuwar sabulu ke haifarwa, har su ƙara wani. Sannan suna sa mai fiye da abin da soda da fotash za su iya cinyewa, sai ragowar man ya zauna a cikin sabulun. Wannan ragowar ita kake ji a fata bayan ka ɗauraye.

Ga abin da na gani da hannuna. Da Arko, in reza ta wuce wuri sau ɗaya, santsin ya tafi, in kana son komawa sai ka sake shafa kumfa. Da na hannu mai kyau, bayan reza ta wuce, in ka sa jiƙaƙƙen yatsa sai ka ji wurin har yanzu yana sulɓi, kana iya ɗan gyara abin da ya rage ba tare da fata ta yi kuka ba. Ga mai aske kai wannan na da amfani, domin ƙeya da bayan kunne da lalube ake yin su, dole a maimaita. Bayan an gama kuma, na kamfani kan bar fata a ɗaure, sai ka nemi mai ka shafa. Na hannu kan bar ta da laushi. To amma a nan sai mutum ya tuna a wane gari yake. Wanda ke Kano ko Katsina cikin hunturu, fata na tsagewa, wannan laushin alheri ne. A Legas iska kanta jiƙe take kusan duk shekara, hunturun ma in ya leƙo a Disamba da Janairu bai cika daɗewa ba. Mai fata mai maiƙo, in ya yi aski da sabulu mai nauyin man kaɗanya da lanolin ya shiga danfo, kafin ya kai unguwar Maryland goshinsa na walƙiya. Abin da kake biyan dala dominsa, rabinsa iskar Legas ta riga ta ba ka kyauta.

Danshin garin yana taɓa sabulun kansa ma. Na hannu yawanci laushi gare shi, kana iya danna yatsa ya lotsa, kuma gilisarin na jan ruwa daga iska. Na taɓa rufe wani da jiƙarsa na yi tafiya gida hutun Sallah, na dawo bayan mako uku na tarar ya yi gumi, samansa ya yi yauƙi, ƙamshin ya juya. Laifina ne. Ka'idar ita ce, in ka gama, ka kife robar a buɗe har ta sha iska, kwana ɗaya ma bai yi yawa ba a damina, sannan ka rufe. Ko kuma ka riƙa ɗibar kaɗan da cokali kana bugawa a wani kwano daban, uwar ba ta taɓa ruwa ba. Kada ka ajiye shi a banɗakin haɗaka mai ɗumi, kai shi ɗaki. Arko da Tabac ba ruwansu da wannan lallashin, ko a aljihun jaka ka jefa su za su kai Maiduguri su dawo.

Sai ruwa. Mafi yawanmu a nan ruwan burtsatse muke amfani da shi, ko wanda 'yan garuwa ke turowa a kura, kuma na wannan layi ba ɗaya yake da na wancan ba. Wani yana da ƙarfe har yana rina bokiti, wani a unguwannin da ke bakin ruwa yana da ɗan gishiri-gishiri. Gishiri na kashe kumfa, ma'adinai irin su kalsiyam kuma suna haɗuwa da sabulu su zama wannan farin dattin da ke manne wa kwano. Na kamfani galibi ana sa musu sinadarin da ke kama waɗannan ma'adinai, shi ya sa suke haƙuri da kowane ruwa. Na hannu da yawa ba su da shi. In ka sayi mai tsada ka ga kumfa na tsinkewa, kada ka yi saurin zagin mai shi. Fasa fiya wata ɗaya ka jiƙa buroshi da ita ka sake gwadawa. Leda ɗaya ta isa aski har ta yi saura. Ruwan zafi kuwa ba dole ba ne, a wannan garin ni na sanyi na fi so.

Batun kuɗi sai an yi shi da biro. Robar na hannu yawanci giram 113 ce ko sama, ta Stirling ta haura 160, kuma farashinsu a can yakan kama daga wajen dala 15 zuwa 25. A nawa lissafin, gyaran fuska na cin kamar giram ɗaya, askin kai duka ya kusa biyu. Ke nan mai aske kai sau biyu a mako zai haura wata shida da ƙaramar roba. In aka raba haka, kuɗin sabulun kansa bai kai yadda ya firgita Baba wanzami ba. Abin da ke karya mutum shi ne kuɗin aikowa, wanda sau da yawa yakan kai na sabulun ko ya fi, ga darajar Naira da ta faɗi tun da aka sake ta ga kasuwa a watan Yunin 2023. Don haka ban ga hikimar yin odar roba ɗaya tilo ba. Ko dai ku haɗu ku huɗu ko biyar ku yi oda ɗaya, ko ka jira mai zuwa. In ka sami mai zuwa kuwa, ce masa ya kawo maka 'yan ƙananan na gwaji, Stirling na sayar da su, ka san wanda fatarka ta karɓa kafin ka zuba kuɗi. Na kamfani kuwa ana cin karo da su a manyan kantuna da shagunan kayan aski da kasuwannin intanet, kodayake yau akwai gobe babu.

Akwai abin da masu yabon waɗannan sabulai a ƙasashen waje ba sa damuwa da shi, mu kuwa ya dame mu. In ka ga kalmar tallow ko tallowate a jikin roba, kitsen saniya ne ko na tunkiya. In ka ga lard ko lardate, man alade ne, kuma akwai masu sana'ar hannu da ke sa shi. Kitsen saniyar ma, na Amurka ba ka san yadda aka yanka ta ba. Malamai sun yi magana a kan abin da ya rikiɗe ya tashi daga asalinsa, kamar yadda kitse ke zama sabulu, kuma ba bakinsu ɗaya ba, don haka wannan tambaya ce ta malaminka. Wanda ke son ya huta da waswasi sai ya nemi wanda aka rubuta cewa na tsirrai ne zalla. Haka buroshi: mai arha da ake kira boar, gashin alade ne, ba wani kwana-kwana. Na badger gashin wata dabbar daji ce, ga tsada, ga jinkirin bushewa, a danshin nan har wari yake yi. Na roba na zamani ya fi mana ta kowace fuska. Yana da laushi tun ranar farko, yana bushewa da wuri, ba ya cin sabulu da yawa.

Masu fama da ƙurajen aski a ƙeya da maƙogwaro, ku yi haƙuri, ba sabulun da ke warkar da su. Gashinmu murɗaɗɗe ne, in aka yanke shi ƙasa da fata sai tsininsa ya lanƙwasa ya soki nama, shi ne ƙurjin. Reza mai baki da yawa tana jan gashi ta yanke shi can ƙasa, shi ya sa ta fi jawo su. Maganin yana hannu: baki ɗaya, sabuwar reza, bin kwanciyar gashi, ba dannawa, ba jan fata, sannan a goga alif a ɗauraye. Abin da sabulu mai santsi ke yi shi ne rage kartar fata, kuma a nan na hannu na taimakawa. Sai dai shi ma yana da nasa tarkon, wato turare. Masu yin sa suna gasa ne da ƙamshi, suna zubawa da yawa, kuma man kirfa da na kanumfari suna ƙona wasu mutane. Wani da na gwada, minti ɗaya da shafawa kaina ya ɗauki raɗaɗi kamar an shafa barkono. In fatarka mai tsiya ce, ɗauki marar ƙamshi, ka bar turare ga kwalbarka ta almiski.

Na hannu na gida fa? Akwai masu tallar sabulun aski a Instagram a nan Legas, kuma ina son su ci gaba. Amma wasu da na gani sabulun wanka ne aka ƙara wa farar ƙasa aka canza masa suna. Tambayi mai sayarwa ko akwai sitiyarik a ciki, ko da fotash aka dafa, ko yana da lambar NAFDAC. In aka ce maka yana haska fata, juya ka tafi, ba abin da za a shafa inda reza ta bi ba ne. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne, buga kumfa a kofi ka bar ta minti goma. Ta gaske za ka tarar da ita yadda ka bar ta. Abin da ke ba ni takaici shi ne duk kayan haɗin suna nan a gabanmu. Kitse ga shi a mayankar Oko-Oba, 'yan uwanmu ne ma ke yankan da bismillah, wanda ya kashe waccan tambayar gaba ɗaya. Man kaɗanya daga Neja da Kwara da Kebbi yake sauka, har gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyar ƙwararsa na wata shida a Agustan 2025 don a riƙa sarrafa ta a gida. Sitiyarik da fotash da gilisarin ana auna su a kasuwar sinadarai ta Ojota. Matan da ke haɗa sabulun wanki a gidaje sun riga sun san rabin aikin, sun kuma san soda ba abin wasa ba ce, sai da safar hannu da kariyar ido.

To wanne za ka saya? In har yanzu da sabulun wanka kake aski, kada ka tsallaka zuwa na dala. Nemi sandar Arko ko kwanon Proraso da buroshin roba. Tazarar da ke tsakanin sabulun wanka da waɗannan ita ce babba, za ka ji ta tun askin farko. Tazarar da ke tsakaninsu da na hannu ƙarama ce, sai wanda hannunsa ya riga ya faɗa yake gane ta. Wanda fatarsa ke bushewa, ko yake yawan zuwa Arewa cikin hunturu, ko yake aske kai kullum har fatar ta gaji, shi ne zai ci ribar na hannu, kuma ya fara da marar ƙamshi. Mai yawan zufa ya tsaya a kan koren Proraso. Matafiyi, direban tirela tsakanin Apapa da Kano, sanda ce tasa.

Ni yanzu na hannun sai ranar Juma'a in ban samu zuwa wurin Baba ba, sauran ranaku Arko. Shi ma Baban na kai masa sanda ɗaya. Bai goga ta a kan kowa ba, ya ce abu ɗaya ba zai bi kawunan mutane ba. Yanka ta ya yi gida uku da askarsa, ya danna kashi ɗaya cikin wani tsohon gwangwanin madara, sauran biyun ya naɗe a leda ya tura ƙasan zabira. Buroshin da na haɗa masa da shi kuwa ya ba jikansa yana share masa tabarma.